Kuɗin Baƙo a Yaƙin Neman Zaɓe: Tarihin Dokar Amurka da Tamu



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne ko ya halatta jam'iyya ko ɗan takara su karɓi gudummawar kuɗi daga ƙetare domin yaƙin neman zaɓe. In ka yi wa mutumin kasuwa wannan tambaya, da wuya amsarsa ta wuce karin maganar nan, wai kowa ya ci ladan kuturu lalle ya yi masa aski. Maganarsa tana kan hanya, amma alƙali ba ya yanke hukunci da karin magana. Sai an bayyana masa wane ne baƙo, kuma mene ne gudummawa, kafin ya san wanda zai kama da laifi. Zan bi tarihin wannan al'amari a ƙasar Amurka, domin sun daɗe suna kokawa da shi, kuma daga wajensu muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko cikin 1979. Bayan haka in komo gida. Abin da nake so ku lura da shi a tafe shi ne, dokar Amurka tambayarta ita ce wa ya ba da kuɗin, tamu kuwa tambayarta ita ce daga ina kuɗin suka taso. Waɗannan tambayoyi biyu suna kama da juna, amma ba mutum ɗaya suke kamawa ba.

Tun ran da aka kafa Amurka shugabanninta suke tsoron hannun baƙi. Ƙasa ce ƙarama a lokacin, tana tsakanin Ingila da Faransa da Sifen, kowace tana da abin da take nema a wurinta. Sa'ad da Benjamin Franklin ya gama aikin jakada a Faransa cikin 1785, Sarki Louis na 16 ya yi masa sallama da batta ta taba mai ɗauke da hoton sarkin, an yi mata ado da duwatsun lu'ulu'u, har sai da aka kai maganar gaban majalisa ta yarda ya riƙe abinsa. Shekara biyu bayan haka, cikin 1787, masu rubuta tsarin mulki suka sa aya wadda ta hana duk mai riƙe da muƙamin gwamnati karɓar kyauta ko lada ko sarauta daga wani sarki ko wata ƙasa, sai da iznin majalisa. Ku lura, mai muƙami ayar ta ambata. Ba ta ce kome ba game da mai neman muƙami, domin a zamanin babu jam'iyyu irin na yanzu, kuma neman zaɓe bai zama sana'a mai cin kuɗi ba.

Ba a jima ba aka ga inda ɗakin ke yoyo. A zaɓen 1796, jakadan Faransa, Pierre Adet, ya buga wasiƙu a jaridar Filadelfiya yana nuna fushin ƙasarsa da gwamnatin da ke ci, da nufin jama'a su tsorata su zaɓi Thomas Jefferson. Dabarar ba ta ci ba, John Adams ya yi nasara da ƙuri'a 71 ta wakilan zaɓe, Jefferson yana da 68. A wannan shekara ce George Washington, cikin jawabinsa na ban kwana, ya gargaɗi mutanensa a kan makircin ƙasashen waje. Duk da haka gargaɗin bai zama doka ba. Cikin 1907 an hana kamfanoni ba 'yan takarar Tarayya kuɗi. Cikin 1938 kuma, saboda farfagandar Jamus ta zamanin Hitler, an kafa dokar da ta tilasta wa duk mai yi wa wata ƙasa aiki a cikin Amurka ya yi rajista, ya bayyana ubangidansa da abin da ake biyansa. Dokar bayyanawa ce kurum. Watau dai, Amurka ta yi shekara wajen 180 tana zaɓe ba tare da wata aya da ta fito fili ta haramta kuɗin baƙo a kamfe ba.

Abin da ya kawo haramcin kuwa sukari ne. Gwamnatin Amurka tana da tsari na raba wa ƙasashe kason sukarin da za su sayar mata, a kan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. Kaso mafi tsoka na Kuba ne. Da Fidel Castro ya hau mulki aka ɓata, sai Shugaba Eisenhower ya yanke kason Kuba cikin 1960, sauran ƙasashe masu noman rake kuwa suka yi caa a kan abin da ya faɗi. Tun da majalisa ce ke da ta cewa a kan rabon, kowace ƙasa ta ɗauki 'yan kamun ƙafa a birnin Washington. Cikin 1962 da 1963 kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattijai, ƙarƙashin Sanata William Fulbright, ya binciki waɗannan mutane, ya gano cewa kuɗin masu sukari na Filifin da na wakilan Shugaba Somoza na Nikaraguwa sun shiga asusun kamfe na 'yan siyasar Amurka. Sakamakon wannan bincike ne aka gyara dokar 1938 cikin 1966, aka haramta wa wakilin baƙo ya ba da gudummawar zaɓe a madadin ubangidansa.

Ɗalibin shari'a zai hango ɓarakar nan take. An hana ɗan aike, an manta da mai aiken. In attajirin wata ƙasa ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya miƙa da hannunsa, lafazin dokar bai kama shi sosai ba. Haka aka zauna har abin kunyar nan na Watergate ya fashe, aka shiga tonon asusun kamfen Shugaba Nixon na 1972. Cikin abubuwan da aka tono akwai cek huɗu na dala 89,000 da suka fito daga wani banki a birnin Meziko, suka ƙare a asusun ɗaya daga cikin ɓarayin da aka kama a ofishin jam'iyyar Dimokurat. Da aka bi sawu, sai aka tarar kuɗin Amurkawa ne, an fitar da su ne aka zagayo da su don a ɓad da sawun mai su. Ku riƙe wannan misali, za mu bukace shi in mun zo gida. Nixon ya sauka cikin Agusta 1974, kuma a gyaran dokar zaɓe na wannan shekara Sanata Lloyd Bentsen na Jihar Texas ya sa aka haramta wa baƙo kansa ba da gudummawa, ko da hannunsa ko ta hannun wani. An keɓe mutum iri ɗaya, shi ne baƙon da ya sami takardar iznin zama na dindindin. Cikin 1976 aka mai da wannan aya ƙarƙashin kulawar hukumar da aka kafa don sa ido a kan kuɗin zaɓen Tarayya.

A nan ya kamata in ɗan ratse, domin tarihin yana da wata fuska da ba a cika karantawa tare da wannan ba. A daidai shekarun da majalisar Amurka take ƙulle ƙofar gidanta, hukumar leƙen asirinta, watau CIA, tana shiga gidajen mutane ta taga. Ta zuba kuɗi a zaɓen Italiya na 1948 don kada 'yan gurguzu su ci. A ƙasar Cile kuwa, rahoton kwamitin Sanata Frank Church na 1975 ya nuna cewa hukumar ta kashe fiye da dala miliyan 2.6 wajen taimakon Eduardo Frei a kan Salvador Allende a zaɓen 1964, abin da ya haura rabin kuɗin kamfensa duka. Ku dubi shekarar: 1964, tsakanin binciken Fulbright da dokar 1966. Tarayyar Sobiyet ita ma ba ta zauna ba, ta yi shekaru tana ciyar da jam'iyyun gurguzu na ƙasashe da dama, har da ta Amurka kanta. Wani masani, Dov Levin, ya ƙidaya irin wannan katsalandan daga 1946 zuwa 2000, ya sami 81 na Amurka, 36 na Sobiyet da magajiyarta Rasha. Ban kawo wannan don in yi wa kowa gori ba. Na kawo shi ne don ma'aikacin gwamnati ya gane cewa dokar kowace ƙasa ƙofarta kaɗai take tsarewa, kuma wanda bai tsare tasa ba kada ya sa ran maƙwabci zai kame hannunsa don kunya.

Mu koma kan hanya. Bayan 1974 kuɗi suka sake samun wata kafa. Doka ta ƙayyade abin da za a ba ɗan takara, amma ta bar abin da za a ba jam'iyya da sunan gina ta, kamar rajistar masu zaɓe da hidimar ofis, ba iyaka. Amurkawa suna kiran waɗannan kuɗi masu laushi. Ta nan ne rigimar zaɓen 1996 ta ɓullo, lokacin da Bill Clinton yake neman komawa. Aka sami masu tara wa jam'iyyar Dimokurat kuɗi, irin su John Huang da Charlie Trie da Johnny Chung, sun shigo da kuɗin da asalinsu daga Asiya ne, sau da yawa da sunayen aro: a ba mutum ɗan ƙasa kuɗi, ya rubuta cek da sunansa kamar daga aljihunsa. Har a wani wurin ibada na mabiya Buddha kusa da Los Angeles an yi taron da Mataimakin Shugaba Al Gore ya halarta, daga baya ta bayyana an mayar wa masu ibadar kuɗin da suka rubuta. Jam'iyyar ta mai da kusan dala miliyan 3 ga masu su. James Riady, attajirin Indunusiya, ya amsa laifi cikin 2001, aka ci shi tarar dala miliyan 8.6. Cikin 2002 dokar da ake kira da sunan Sanata McCain da Sanata Feingold ta toshe wannan kafa, ta kuma fayyace cewa haramcin ya shafi kowane zaɓe, na Tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma.

Saura tambaya ɗaya, ita ce mafi nauyi. Tsarin mulkin Amurka ya ba duk wanda ke zaune a ƙasar 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma kotunansu sun daɗe da ɗaukar kashe kuɗi a siyasa a matsayin wani nau'i na magana. Cikin Janairu 2010 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ba za a hana kamfanoni da ƙungiyoyi kashe kuɗinsu wajen tallata ɗan takara ba, muddin ba a hannunsa suka sa ba. To, in kamfani yana da wannan 'yanci, me zai hana ɗan Adam mai rai da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, yana aiki yana biyan haraji? Mutum biyu suka kai ƙara a kan haka: Benjamin Bluman, lauya ɗan Kanada mai aiki a New York, wanda yake so ya ba 'yan Dimokurat gudummawa ya kuma buga takardun goyon bayan Obama ya raba a wani dandali, da wata likita, Asenath Steiman, wadda ita kuma 'yan Rifablikan take so ta taimaka wa. Cikin 2011 kotu mai alƙalai uku ta kori ƙarar. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Brett Kavanaugh, wanda ya shiga Kotun Ƙoli cikin 2018, ya kafa hujja da cewa al'umma tana da ikon keɓe sha'anin mulkin kanta ga 'ya'yanta, kamar yadda take hana baƙo jefa ƙuri'a ko zama ɗan sanda. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin cikin Janairu 2012 ba tare da ƙarin bayani ba.

Wannan hujja ita ce zuciyar dokar Amurka, kuma ita ta sa iyakokinta suka faɗa inda suka faɗa. Ba'amurken da ke zaune a Kano ko Jidda yana iya aika wa ɗan takararsa gudummawa, domin yana cikin al'ummar ko da ya yi nisa, kuma doka ta ba shi damar jefa ƙuri'a daga inda yake. Ɗan Kanada da ke tsakiyar New York da iznin aiki na wucin gadi ba ya iyawa. Baƙo yana iya yin aikin sa kai a kamfe in ba a biya shi ba, yana kuma iya magana a kan manufa, kamar haraji ko shige da fice, in bai ce a zaɓi wane ba. Ma'aikatan reshen kamfanin waje suna iya kafa asusun siyasa, in kuɗin da shawarar duka na 'yan ƙasa ne. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce, kuma an bi ta. A zaɓen 2016 wani kamfanin Rasha da ke birnin St. Petersburg ya sayi tallace-tallace kimanin 3,000 a Facebook a kan kuɗi wajen dala 100,000, yawancinsu ba su ambaci ɗan takara ba, sai dai su zuga wannan ɓangare a kan wancan. An tuhumi Rashawa 13 cikin Fabrairu 2018, amma suna ƙasarsu, hannun kotu bai kai gare su ba. Wanda hannun yake kaiwa gare shi shi ne mai dukiya ko hulɗa a Amurka. Gilbert Chagoury, attajirin nan haifaffen Legas ɗan asalin Labanan, ya amince cewa ya ba da kimanin dala 180,000 ta hannun wasu ga 'yan takara huɗu tsakanin 2012 da 2016, ya biya tarar dala miliyan 1.8 aka kashe maganar.

Yanzu mu komo gida. Daga jajibirin 'yancin kai zuwa Jamhuriya ta Farko babbar rigimar kuɗin jam'iyyu ta cikin gida ce. Kwamitin Foster-Sutton na 1956 ya binciki hulɗar Dokta Azikiwe da bankin African Continental da kuɗin gwamnatin Jihar Gabas, kwamitin Coker na 1962 kuma ya binciki yadda kuɗin hukumomin Jihar Yamma suka kwarara zuwa jam'iyyar Action Group. Amma tsoron hannun waje yana nan. A shari'ar cin amanar ƙasa ta 1962 zuwa 1963, wadda aka ɗaure Cif Awolowo shekara 10, an yi zargin an tura samari Ghana koyon aikin soja. Daga nan yaƙin basasa ya zo, daga 1967 zuwa 1970, kowa ya ga yadda manyan ƙasashe suka ja layi, wasu nan wasu can. Saboda haka lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin tsara tsarin mulki cikin Oktoba 1975, a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, mutanen da suka zauna sun san abin da kuɗi da makaman waje suke iya yi wa ƙasa. Zamani ne kuma na dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, na 1972 da 1977, da na tsananta kula da canjin kuɗi, inda fitar da kuɗi ko riƙe asusu a waje sai da iznin hukuma. A ganina, wannan yanayi ne ya sa suka dubi iyakar ƙasa maimakon su dubi fasfon mai bayarwa.

Abin da suka rubuta a sashe na 205 na tsarin mulkin 1979 shi ne aka maimaita a sashe na 225 na tsarin mulkin 1999. Jam'iyya ba za ta mallaki kuɗi ko kadara a wajen Nijeriya ba. Ba za ta riƙe kuɗi ko kadarar da aka aiko mata daga wajen Nijeriya ba. In an aiko, sai ta miƙa wa hukumar zaɓe cikin kwana 21, FEDECO ke nan a wancan lokaci, INEC a tsarin 1999. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara da cewa jam'iyyar da ta saɓa za a ƙwace kuɗin a kuma ci ta tara. Har ila yau sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya in ba jam'iyya ba ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓen ɗan takara, dokar kamfanoni ta 1990 da wadda ta gaje ta cikin 2020 kuma sun hana kamfani ba da kyautar siyasa.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa. Ku tuna cek ɗin nan na Meziko: mai binciken Amurka sai da ya bi sawu har ya gano mai kuɗin kafin ya san laifin da aka yi, alhali a ƙarƙashin lafazin tamu dokar, isowarsu daga waje kaɗai ta isa a karɓe su. A ƙasar da ɓarawon gwamnati yake iya fitar da abin da ya sata ya komo da shi da sunan gudummawar 'yan'uwa mazauna Turai, wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Amma rauninsa ma a fili yake. Lafazin sashe na 225 bai tambayi baƙon da ke zaune a Legas ko Abuja, mai asusun naira a bankin gida, ko shi wane ne ba, domin kuɗinsa ba su ƙetaro iyaka ba. Sa'an nan sashen jam'iyya ya ambata, bai ambaci ɗan takara ba, ga shi kuwa a tsarin shugaba mai cikakken iko yawancin kuɗin kamfe a hannun ɗan takara da 'yan kwamitinsa suke yawo. A kan wannan giɓi ne lauyoyi suka yi ta ja-in-ja cikin 2022, lokacin da magoya bayan wasu 'yan takara mazauna ƙetare suka tashi tara musu kuɗi.

Wanda dokar ta fi kamawa a zahiri shi ne ɗan ƙasa na halak da ke neman abinci a waje. Cikin 1979 irin waɗannan ba su taka kara sun karya ba a lissafin tattalin arziki. Cikin 2022 kuwa, bisa ƙididdigar Bankin Duniya, abin da suka aiko gida ya kai kimanin dala biliyan 20. Likita a Landan, direba a Jidda, ɗan kasuwa a Kumasi ko Khartoum, duk suna gina gidaje suna biyan kuɗin makarantar ƙanne, amma in ɗayansu ya aika wa jam'iyyarsa dala ɗari, tsarin mulki ya ce a kai wa INEC. Cikin Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kuma ƙi amincewa da gyaran da zai ba su damar jefa ƙuri'a daga inda suke. Kuɗin nasu kuwa ba su fasa shigowa siyasa ba. Ana aiko wa ƙane ko aboki, shi ya miƙa da sunansa, watau sunan aron nan da aka ɗaure mutane a kansa a Amurka shi ne hanyar da lafazin dokarmu yake tura mutumin kirki ya bi, kuma ba wani littafi da zai nuna wa hukuma ko nawa ne suka shigo.

Ra'ayina shi ne a haɗa tambayoyin biyu. A bar haramcin mallakar asusu a waje yadda yake, a faɗaɗa shi ya haɗa da ɗan takara da kwamitin kamfensa. A fito fili a haramta gudummawar wanda ba ɗan ƙasa ba ko da a cikin gida yake zaune. Sa'an nan a buɗe wa ɗan ƙasa mazaunin waje ƙofa guda ƙunƙuntacciya: ya aiko ta banki, daga asusun da ke ɗauke da sunansa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, zuwa asusu ɗaya da INEC take gani, kuma kada ya wuce iyakar da aka yanka wa kowa. Dokar 2022 ta sa wannan iyaka a naira miliyan 50 ga mutum ɗaya, ta sa ta kashe kuɗin ɗan takarar shugaban ƙasa a naira biliyan 5. Gyara irin wannan ya taɓa tsarin mulki, saboda haka sai ya sami kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Kuma ko an yi shi, sashe na 226 ya riga ya ɗora wa INEC nauyin binciken littattafan kuɗin jam'iyyu da kai rahoto gaban Majalisar Tarayya kowace shekara, aikin da yake bukatar akantoci da masu bin sawun kuɗi a banki, irin waɗanda ke zaune a wannan zaure yau.